Ɗigo a Ƙarƙashin Idon Hagu

Har yau ba na karɓar salula ko talabijin daga hannun mai shago sai na sa ya cika gilashinta da fari fat, na kai ta inuwa, na bi ta kusurwa kusurwa da ido. Masu shagunan Tasawa sun san ni da wannan hali. Akwai wanda in ya hango ni sai ya tura ƙaninsa gaba, shi ya ce zai je alwala. Matata kuwa ta yanke hukunci tun da daɗewa cewa neman fitina ne kawai irin na tsofaffin malaman lekol, wato makarantar boko. Na bar ta a kan haka, don bayanin yana da tsawo, kuma ba kullum nake da zuciyar yinsa ba.

Mu biyu ne maza da suka rayu a ɗakin Inna, Yaya da ni. Shi ne ɗan fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aike ni wurinsa sai ta ce in je in kira wancan. In ya shigo gaishe ta da safe, tana amsawa tana kallon kaji, ko bakin rumbu, ko duk abin da ba fuskarsa ba. Ni auta ba a yi mini wannan kunyar ba, da cikakken sunana ake zagina har maƙwabta su ji. Yaya mutum ne mai shiru, mai faɗin goshi, kuma yana da tawadar Allah a ƙarƙashin idonsa na hagu, baƙa, ba ta wuce girman ƙwayar gero ba. Muna yara nakan ce masa ƙuda ya sauka a fuskarsa, ya kai hannu ya kore, in yi ta dariya har sai ya kama ni.

Shekarar da nake magana a kanta, ruwa ya ɗauke gero yana cikin yin ciki. Abin da muka kwaso daga gona, jaki bai ma san ya ɗauki kaya ba. Tun kafin sanyi ya shigo maza suka fara watsewa biɗa, cin rani ke nan, wasu kudu, wasu arewa. Yaya ya zaɓi arewa. Ya bar matarsa da yara biyu a gidanmu, ya ce mini in kula da Inna. Sau ɗaya ya kira ni daga Agadas, ya ce sun sami babbar mota da za ta ƙetara da su hamada, in ya sauka zai neme ni. Bai sake kira ba.

A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar lekol ta ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, aikin kwantaragi, irin wanda albashinsa yake zuwa ranar da ya ga dama. Salulata ’yar ƙarama ce, kwance na saye ta a Tasawa. Wanda ya sayar mini ya mayar da fuskarta baƙa ƙirin, rubutu fari, ya ce haka batir ya fi daɗewa. Ban yi masa musu ba, don mu cajin salula sai an ba mai amalanke ya kai kasuwa. Duk da ƙanƙantarta, tana cikin ’yan ƙalilan a ƙauyen da ke iya nuna hoto.

Sojoji suka karɓi mulki a wannan ranin. Mun ji a rediyo, da kiɗan soja da sanarwa cikin Faransanci, ni na fassara wa mutanen gindin bishiya. Da na gama, tambaya ɗaya aka yi mini: ko tiyar gero za ta sauko. Ba a daɗe ba sai wani labari ya zo wanda ya fi wannan shafarmu. Aka ce wani mutumin Hawandawaki ya dawo daga arewa da hotunan matattu, yana yawo da su kasuwa kasuwa.

Gaskiya ne. A hanyarsu ta dawowa sun tarar da wata mota da ta lalace nesa da kowace rijiya, mutanenta kwance a inuwarta, ƙishirwa ta gama da su. Babu takarda a jikin yawancinsu. Kafin su binne su, shi wannan bawan Allah ya ɗauki fuskar kowane ɗaya da salularsa, don kada a ce mutum ya ɓace kamar bai da uwa. Daga baya ya sayar da salular ya yi kuɗin mota, amma ya cire ɗan katin da hotunan ke ciki, ya ƙulle shi a bakin rawaninsa. Duk inda ya ji akwai gidan da ke jiran wani daga arewa, sai ya je ya nemi mai salula.

Ya zo mana da hantsi. Aka zauna a zaure, da liman da wasu dattawa, na sa katin a tawa. Ban taɓa sanin rana tana sauya fuska haka ba. Duk sun yi baƙi, leɓɓa sun tsage, kumatu sun kumbura ko sun faɗa, kowanne yana kama da kowa. Ina dannawa suna wucewa, har na zo kan wani na kasa dannawa. Goshin ne ya fara tsayar da ni. Sannan na ga ɗigon, baƙi, a ƙarƙashin idon hagu, daidai inda nake cewa ƙuda ya sauka.

Aka kai wa matar Yaya. Ta duba, ta ja gyale ta rufe fuskarta, ta fashe da kuka. Liman ya ce ba a yanke irin wannan da kuka, a kira uwa. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofar zaure, ba ta shigo ba. Na miƙa mata salular. Ta yi masa kallo ɗaya, irin wanda take yi masa yana da rai, sannan ta kau da kai.

“Tawadar nan tashi ce,” in ji ta, ta koma ciki.

Babu wanda zai ce wa uwa ta sake kallon ɗan farinta a gaban maza. Babu kuma wanda yake son ya daɗe yana kallon gawa. Liman ya yi salati, aka shafa fatiha. Mutumin Hawandawaki ya sa na ajiye hoton a cikin salulata, sannan ya ce in goge shi daga katin, tunda wannan ya sami danginsa. Ya ce kowane ɗaya da ya ragu, nauyin rawaninsa raguwa yake. Ya tabbatar mana sun yi musu salla, sun fuskantar da su gabas, sun ɗora duwatsu.

Muka yi sadaka da abin da ya samu, matar Yaya ta shiga takaba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Inna. Tun tafiyarsa ba ta da sukuni, ko kare ya yi haushi sai ta leƙa. Bayan hoton sai ta nutsu. Ta rame kamar kowa, amma tana barci. Takan ce wa mata masu zuwa gaisuwa Allah ya yi masa sutura, Musulmi ne suka binne shi. Ni kuwa ban sake buɗe wurin hotuna ba. Ina kira, ina amsa kira, sai in mayar da ita aljihu kamar mai ɗauke da garwashi.

Damina ta sake faɗowa, kuma wanda ya san ƙasarmu ya san wannan ne lokacin da ya fi muni, gona kore shar, rumbu wayam. Muka koma ganyen jiga da ’ya’yan anza, waɗanda sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwa kafin ɗacinsu ya bari a haɗiye. Ƙaramin yaron Yaya ya daina gudu. Matar Yaya, wadda da ba ta barina in wuce sai ta ce ga mijinta na ƙarya ya dawo da alli a gemu, ta daina tsokanata gaba ɗaya, kuma na fi jin zafin wannan da zafin yunwar.

Da ta fita takaba, wani tela daga wajen Mayahi ya aiko. Ɗan uwan mahaifiyarta ne na nesa, matarsa ta rasu, yana da keken ɗinki yana da sauran hatsi, ya kuma ce ta zo da yaran duka biyu. An tambaye ta, ta amince. Inna ce ta fara cewa hakan ya yi, wai ba za ta zauna tana kallon jikokinta suna ƙanjamewa don a ce gidan yana da mutane ba. Aka sa ranar ɗaurin aure. Abu ɗaya Inna ta dage a kai, cewa yarinyar ba za ta fita gidan hannu wofi kamar baƙuwa ba, ko zane ɗaya da ɗan hatsi sai an haɗa mata. Na duba abin da na mallaka, na ga salula ce kawai za ta iya zama zane.

Ranar kasuwar Kanambakashe na bi amalanken jaki. Akwai wani mai gyaran salula a can, a wata rumfa kusa da masu yadi, da ɗan injinsa na wuta yana ta tari a baya. Yana saye yana sayarwa. Niyyata in mun daidaita ya tura hoton Yaya a wani kati in tafi da shi. Ya karɓi salular, ya jujjuya ta, ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya sa ta a kunne. Sannan ya yi wani abin da ban taɓa gani ba. Ya miƙa hannu rumfar maƙwabcinsa ya jawo bakin farin alawayyo, irin wanda ake yanka likkafani da shi, ya shimfiɗa a cinya ya ɗauki hotonsa. Ya toshe idon salular da babban yatsa ya sake ɗauka, ya sami baƙi. Ya ɗauki hoton jar butarsa ta roba. Ya ce haka yake gwada kowace, don gilashi mai ciwo ba ya iya ɓoye ciwonsa a gaban launi ɗaya.

Ya buɗe farin, ya shige da kansa cikin babbar rigarsa don ya sami inuwa. Da ya fito sai ya kira ni yadda ake kiran malaman lekol, ya ce, “Mushe, gilashinka na da tabo.”

Nan take raina ya ɓaci. Na ce masa na san irinsu, kowane kaya da ya zo hannunsu sai sun samo masa cuta don su karya shi, in kuwa su ne masu sayarwa ko gawa ce sai su ce barci take. Na faɗi wasu maganganun da Faransanci don su fi zafi. Ya tofa yawu a bakin rigarsa ya goge gilashin, ya miƙo mini, ya ce in duba da kaina, ba datti ba ne, ’yan idanun gilashin ne suka mutu a wurin, kuma sun daɗe da mutuwa.

Na sa hannu na yi mata inuwa. Farin alawayyo ya cika fuskar salular, kuma a samansa, ɗan gefe kaɗan, ga ɗigo baƙi kamar ƙwayar gero. Na goge da yatsa, bai motsa ba. Na koma kan jan, yana nan a wurinsa. Na koma kan baƙin, ya ɓace, kamar yadda ya ɓace mini tun ranar da na saye ta. Na san wurin. Ban buƙaci a gaya mini ba, amma duk da haka na buɗe hoton da na yi watanni ina gudu. Ɗigon ya zauna a ƙarƙashin idon hagu.

Ban san yadda fuskata ta yi ba, na dai ga mai gyaran ya kashe injinsa. Na roƙe shi ya tura hoton a wata salular mai lafiya. Ya tura ba tare da tambaya ba. Muka sunkuya mu biyu. Goshin yana nan. Kumatun ya kumbura, ya yi duhu, da ɗan rairayi manne a kai, hoton kuma dishi-dishi ne irin na ƙananan saluloli. Babu ɗigo. Ba zan iya rantsuwa cewa babu tawada a ƙarƙashin wannan duhun ba, ba zan kuma iya rantsuwa akwai ba. Mutumin zai iya zama Yaya, zai iya zama ɗan kowace mata daga nan har Damagaram.

Ban sayar ba. A kan amalanke ina dawowa, tsoro ne ya cika ni, kuma na san abin da nake tsoro. In ba a tabbatar da mutuwarsa ba, matarsa matar aure ce. Ba za a ɗaura komai ba. Za ta zauna shekaru tana jiran hukuncin wanda ya ɓata, a gidan da ake jiƙa anza, da yaron da ya daina gudu. In kuwa aka ɗaura, wata rana Yaya zai iya saukowa daga mota ya tarar an yi sadakarsa an aurar da matarsa. Na yi ta jin haushin mai gyaran, da mai alawayyo, da wanda ya ce baƙi ya fi riƙe batir, har jakin ma bai tsira ba.

Inna ce ta ba da shaida, don haka ita ya kamata ta fara ji. Washegari da safe na aro salular darektan lekol, na tura hoton a ciki, na same ta a tsakar gida tana tsince ganye. Matar Yaya tana daka a bayan rumbu. Na durƙusa na yi bayani yadda zan iya, na nuna mata farin alawayyon da ɗigon a kai, na ce ciwon gilashi ne, ba a fuskar mutumin yake ba. Ban kai ƙarshe ba na ji taɓarya ta tsaya.

Inna ta goge hannunta a zane ta karɓi salulolin biyu, ɗaya a kowane hannu. Ta fara da ta darekta. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu na Yaya haka ba. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta juya wa rana baya. Ta daɗe har na fara jin ƙafata tana mutuwa. Sannan ta koma kan tawa, ta daɗe fiye da haka.

Ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko mutumin Hawandawakin nan ya ce sun yi musu salla. Na ce ya ce. Ta tambaya ko da duwatsu a kai, yadda kura ba za ta tona ba. Na ce haka ya faɗa. Ta juya ta dubi bayan rumbu, inda yaran suke zaune kusa da turmi, sannan ta miƙo mini ta darekta.

“Mayar mashi da abinshi, ban san wanga ba,” ta ce. Ta ɗaga tawa, mai ciwon. “Ni ga ɗana nan.”

Sai ta kira sunansa. A hankali ta faɗe shi, sau ɗaya, tana kallon gilashin. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin sa a bakinta ba, har ya yi mini kamar sunan wani baƙo. Daga nan ta ɗaga murya ta ce wa matar Yaya wa ya ce ta tsaya, ko dakan zai yi kansa ne. Taɓarya ta ci gaba, da farko ba daidai ba.

Ban tsaya nan ba, na je na gaya wa liman komai, na nuna masa duka biyun. Ya zo da kansa ya sake tambayarta daga bayan zana. Ta ce ita ta haife shi, ba da tawada kaɗai uwa take sanin ɗanta ba. Liman ya ce shaidar uwa ce, ga hanyar ɗaya, ga lokacin ɗaya, ga shirun da ya yi tsawo. Aka ɗaura auren a ranar da aka sa. Zanen da aka ba amarya na Inna ne, wanda ta daɗe tana ajiya, don ta hana ni sayar da salular. Ta karɓe ta ta sa a cikin kwallarta.

Na nemi mutumin Hawandawaki bayan girbi, ina so in mayar masa da hoton ya ci gaba da nunawa, ko akwai wata uwar da ke jiran wannan goshin. Aka ce ya sake komawa arewa. Wannan yana cikin abubuwan da ke dawo mini in na ga farin gilashi: wataƙila mun karɓe wa wasu mutane mamacinsu, mun yi masa sadaka da sunan da ba nasa ba.

Yaran sun rayu. Ƙaramin, wanda ya daina gudu, yanzu shi ke taka keken telan, kuma yana da faɗin goshin ubansa. Yaya bai dawo ba, babu kuma wanda ya taɓa zuwa ya ce ya gan shi, da rai ko ba rai. Batirin salular ya kumbura a cikin kwalla ya tsaga bayanta, ba ta sake kamawa ba, Inna kuma ba ta taɓa cewa a gyara ba.

Ba mu sake yin maganar da ita ba. In mata suka ambace shi, takan ce Allah ya yi masa sutura, kamar da. Sai dai barcin nan da ta samu bayan zuwan mutumin Hawandawaki bai dawo ba. Gidanmu ba shi da nisa da hanyar mota. Daga wannan safiyar har shekarar da ta rasu, in mota ta rage gudu a bakin hanya, ko tana tankaɗe ko tana tsakiyar magana, Inna takan tsaya cak, ta karkata kunne, har sai ta ji motar ta wuce.